Agogon Safara'u da Sabon Faifan Rabe

"Lafiya ƙalau, yaran ma lafiya. Maigidan ya ce a gaishe da bawan gidanmu, in dai gwamnati ba ta riga ta gane kuskurenta ta sallame shi ba."

Haka Safara'u ta ƙarasa amsa gaisuwar Rabe tun tana bakin ƙofa, jakarta a hammata, tana ƙare wa ofishin kallo kamar wadda aka aiko ta duba tsafta. Ranar Laraba ce da hantsi, cikin hutun makaranta na shekarar 1995. Rabe shi ne jami'in kwamfuta na wata hukuma da ke riƙe da takardun malaman makarantu, can wajen Unguwar Rimi. Safara'u kuwa taubashiyarsa ce, mahaifinta wan mahaifiyarsa ne, don haka tun suna yara a Unguwar Kanawa take kiransa bawa, shi kuma yake cewa bai taɓa ganin uwargijiyar da ke lashe masa kwanon tuwo ba. Ita malamar wasannin motsa jiki ce a wata sakandaren 'yan mata, kuma abin da ya kawo ta agogon da take auna gudun ɗalibanta ne. Rabe ya aika a karɓo masa aro har sau biyu, ta ce ba ta bayarwa, sai dai ta zo da shi da ƙafarta.

"Miƙo agogon ki kama hanya," in ji Rabe. "Nan ba filin tsalle-tsalle ba ne, wurin masu ilimi ne."

"In ba ka? Kai da ka kwance rediyon Baba kana neman mutanen da ke magana a ciki, har yau ba a ga murfinta ba?"

"Shekarata bakwai a lokacin."

"Hankalin ma a nan ya tsaya ai. Agogon makaranta ne, a hannuna zai zauna. Kai dai ka ce tashi, in danna."

Da ya ga ba sarki sai Allah, sai ya ja mata kujera ya yi mata bayani a taƙaice, yana yi yana ɗaga kafaɗa. Fayilolin malamai fiye da dubu shida ne a hannun hukumar, kuma wuri uku ake iya ajiye su. Akwai fulofi, ɗan ƙaramin faifan da ake zura wa kwamfuta a baki. Akwai faifan da ke cikin tsohuwar kwamfuta, wadda ya gada daga Malam Ila da ya yi ritaya bara. Sai kuma babban faifan da ke cikin sabuwar kwamfuta, wadda Rabe da kansa ya dage aka sayo, ya kwashe fayilolin duka ya zuba a ciki. Ya riga ya rubuta wa Darakta rahoto cewa sabon ya ninka tsohon sau biyar a sauri. Darakta Ɗahiru ya karanta, ya ce agogon bango Rabe ya duba, shi kuma lambobi yake so na sakan-sakan, domin gobe Alhamis Kwamishina zai zo a gwada a gabansa a ɗakin taro. Daga nan za a goge tsohuwar kwamfutar a ba wani sashe.

Gwajin kuwa ɗaya ne: a ba kowane faifai sunayen malamai ɗari biyu, ya nemo fayilolinsu ya buɗe, a ga wanda zai riga gamawa.

"Wato nawa fayil ɗin ma yana cikin wannan akwatin?" Safara'u ta tambaya, ta nuna sabuwar kwamfutar da haɓa.

"Yana ciki. Ni na ga shekarun da kika rubuta ma. Kin zabge uku."

"Na zabge na ba ka ne, ko Allah zai sa ka girma. To wannan na farkon, mai kama da biskit, ya sunansa?"

"Fulofi."

"Daga yau sunansa Rabe. Tashi mu gani."

Ya zura fulofin, ya buga umarni, ya ce tashi. Injin ya shiga gurnani yana ƙiƙi-ƙaƙa kamar keken ɗinkin da bai ga mai ba. Safara'u ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta ce in da ta sani da ta zo da zogalen da za ta gyara. Ta ba shi labarin yadda aka taɓa aikensa sayen kalanzir da magariba ya dawo da shi bayan an gama cin abinci a duhu, shi kuma ya tuna mata ranar da ta zo ta ƙarshe a tseren buhu har buhun ya riga ta isa. Suna cikin haka injin ya yi shiru.

"Minti huɗu da sakan goma sha biyu," ta ce, ta rubuta a bayan wata ambulan. "Mai suna ya yi halin mai suna."

Tsohuwar kwamfutar ta gama nata a sakan hamsin da ɗaya. Rabe ya taɓe baki ya ce ai ta yi ƙoƙari, irin na tsofaffi, kamar mai ita Malam Ila, wanda in ya fara buga layi ɗaya sai ka je ka yi alwala ka dawo. Sannan ya gyara zaman hularsa, ya murza 'yan yatsu, ya matsa gaban sabuwar.

"Ki riƙe agogon da kyau, kar iskar ta kwashe ki. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Ya ce tashi. Kafin ta gyara gyalenta allon ya cika da sunaye ya tsaya. Ta dubi agogo, ta sake duba.

"Sakan tara," ta ce a hankali.

Rabe ya miƙe tsaye ya zaga teburin. Ya ce ta faɗa da ƙarfi, kunnensa na dama ba ya ji sosai. Ya ce ta koma gida ta sanar da 'ya'yan maza kaf cewa ɗan mace ya yi abin da ba su taɓa yi ba tun daga kakan kakansu, su da ba su gaji komai ba sai dogon wuya da cin bashin gaisuwa. Ya ce in an ƙara masa girma zai ɗauke ta aikin share masa takalmi, ba don ta cancanta ba, sai don zumunci.

Yana cikin wannan kirari aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, allunan duka suka yi baƙi. Can bayan gini aka ji ana fama da janareto, bayan kamar minti biyar wutar ta dawo, kwamfutocin suka sake tashi daga farko.

Rabe ya ɗauki biro zai cike takardarsa, Safara'u ta dafe ambulan ɗin. Ta ce ita a filinta ba ta taɓa ba yarinya lamba da gudu ɗaya ba, sau uku ake yi a ɗauki na tsakiya, don wata rana iska ce ke tura mutum ya ɗauka ƙafarsa ce. Ya ce wannan inji ne, ba 'yar aji biyu ba ce, abin da ya yi ɗazu shi zai yi gobe. Ta ce to me yake tsoro.

"Ni? Tsoro? Danna."

Ya buga umarnin nan dai na ɗazu, ya harɗe hannuwa a ƙirji yana murmushi. Sakan tara ta wuce. Ashirin ta wuce. 'Yar jar fitilar da ke gaban injin tana ta ƙyaftawa, sunayen suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu fita daga masallaci ranar ruwa. Murmushin ya bushe a fuskar Rabe. Ya sunkuya ya leƙa bayan injin, ya taɓa waya, ya dawo. Da abin ya tsaya, sai Safara'u ta juyo masa da fuskar agogon. Minti ɗaya da sakan arba'in.

Rabe ya ja da baya. Ya zauna ba tare da ya duba ko kujerar na nan ba.

"Agogonki ya lalace."

"Agogon da ya ba ka tara ɗazu kana rawa?"

"To yatsanki ne. Kin danna tun kafin in ce tashi. Dama ku 'ya'yan maza ba a ba ku amana."

"Minti ɗaya da rabi na danna kafin ka yi magana? Ashe ni ce ma na san gaibu. Sake."

Ya sake nan take, bai kashe komai ba. Sakan tara. Ya yi ajiyar zuciya, ya fara cewa ai ga shi nan, tangarɗar wuta ce kawai. Amma Safara'u ta riga ta miƙa hannu ta kashe injin da kanta, ta ƙirga goma, ta kunna. Ya ce wa ya ba ta izinin taɓa kayan gwamnati, ta ce ita ma kayan gwamnati ce, lambarta na cikin fayil. Aka sake gwadawa. Minti ɗaya da sakan talatin da takwas. Aka kashe tsohuwar ita ma aka kunna, don kada a ce an yi son kai. Sakan hamsin da biyu, ko gezau.

Gumi ya keto wa Rabe ta ƙarƙashin hula duk da fankar da ke kansa. Yanzu ya gane, kuma ganewar ta fi rashin ganewar ciwo. Sabuwar kwamfutar tana da wadatar ƙwaƙwalwa, duk abin da ta karanto daga faifai sau ɗaya sai ta riƙe shi a ka, in an sake tambaya ba ta komawa faifan. Shi kuwa kullum da safe sai ya yi gwajin sau ɗaya don ya tabbatar komai na aiki, sannan ya duba agogo a karo na biyu. Mako uku ke nan yana auna abin da injin ya haddace, bai taɓa auna faifan ba ko sau ɗaya. Ya faɗa mata haka da muryar da shi kansa bai gane tasa ce ba.

"Wato satar amsa take yi," in ji Safara'u. "Kai kuma kana ba ta maki. Allah ya rufa asiri ba malami ka zama ba."

Ya sunkuyar da kai. Ita ma sai ta lura, ta sauke murya ta tambaye shi inda za a yi gwajin gobe. Ya ce ɗakin taro, a sama. Ta tambaya ko da wutarta za a ɗauke ta a kai ta can. Ya ɗago ya dube ta. Sai an zare ta daga bango, a hau da ita, a kunna a gaban Kwamishina da Darakta da shugabannin sassa, ya tsaya da rahotonsa na sau biyar a hannu, tsohuwar Malam Ila ta riga ta gamawa da kusan minti guda.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce, ya cire hular ya ajiye a kan tebur.

"Yau ga bawa ya ga ranar wanka. To zauna nan kana salati har gobe. Ni abin da ban gane ba, yaya sabon abu mai tsada zai kasa tsohon da ko fenti ya bar jikinsa? Ko dai kwali suka sayar maka?"

Abin da shi ma yake tambayar kansa ke nan. Ya jawo kujera, ya ce ta riƙe agogon. Ya haɗa wani ƙaton fayil guda ɗaya, ya sa kowane inji ya karanta shi bayan an kashe an kunna. A nan sabon ya yi wa tsohon fintinkau, ko kusa. Ashe faifan lafiyarsa ƙalau, ƙananan fayiloli masu yawa ne ke kayar da shi, su ne kuwa aikin hukumar daga safe har yamma.

Safara'u ta ce ya nuna mata inda fayilolin suke zaune a kowanne, ita ba ta san inji ba amma ta san ajiya. Ya buɗe na tsohuwar. Allon ya nuno ɗan gajeren jeri, kowace ƙaramar hukuma da aljihunta, a cikin kowane aljihu kowace makaranta da nata. Ya buɗe na sabuwar. Sunaye suka shiga zubowa suna gudu sama, suna ta zubowa, dubu shida da ɗoriya a wuri guda, ba kai ba gindi.

Ta daɗe tana kallo baki buɗe.

"Rabe. Wa ya zuba su haka?"

"Faifan babba ne, wuri ya wadata, ban ga amfanin..."

"Wa ya zuba su?"

"Ni."

"Na rantse ko ba ka faɗa ba na gane hannunka. Wannan ai akwatinka ne na makarantar kwana. Gwaggo ta buɗe ta tarar da garin kwaki da safa da takardar sakamako a cikin kwano ɗaya. Wato duk malamin da aka tambaya, sai baiwar Allah ta bi layin nan tun daga farko tana tambaya ko kai ne, ko kai ne?"

"Kusan haka ne," ya ce, yana kallon ƙasa.

"Shi kuma tsohon da kake cewa a yi alwala a dawo, ya zauna ya ba kowa ɗakinsa. Gobe kuma ka sa a goge aikinsa. Kai, sauri ya haifi nawa."

Wannan ta fi shigarsa, domin gaskiya ce tsirara. Ya kwafo tsarin Malam Ila, ya rubuta 'yan layukan umarni da za su kai kowane fayil aljihunsa a sabon faifan, ya gyara gwajin yadda zai nemi kowa a inda yake. Aikin ya ci fiye da awa guda. Safara'u ta je ofishin mata masu buga takardu ta yi azahar ta dawo, ta same shi ko ruwa bai sha ba. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ya yi shiru haka ba tun ranar da aka yi masa kaciya, ya ce ranar ma ba a haife ta da kunya ba.

Suka kashe injin suka kunna, sau uku, kowane karo da agogo. Ashirin da uku. Ashirin da biyu. Ashirin da biyu. Sabon ya ninka tsohon sau biyu da 'yan kai, amma sau biyar ɗin nan babu ita, ba kuma za ta dawo ba.

Ana cikin rubuta na ukun aka turo ƙofa. Darakta Ɗahiru ne da kansa, da rahoton Rabe a hannu, tabarau a kan hanci. Suka miƙe. Rabe ya gabatar da ita a matsayin 'yar kawunsa da ta kawo agogo, sannan ya ce, ranka ya daɗe, lambar da ke cikin rahoton nan ba daidai ba ce, yana roƙon a ba shi ya sake rubutawa kafin a tashi, kuma kada a goge tsohuwar kwamfutar tukuna. Fuskar Darakta ta canza. Ya ce rahoton da ya riga ya sa wa hannu? Ya tambaya yaya aka yi sai yau, ana gobe baƙi za su zo, aka san haka.

Rabe ya buɗe baki, ya san Safara'u na gefensa da labarin akwatin makaranta a kan harshe, ya sallama.

"Yallaɓai, ai shi ya ƙi yarda da lambar," in ji ta, cikin wata nutsattsiyar murya da bai san tana da ita ba. "Mun samu tara, da wani ne da ya rubuta ya tafi. Aka kashe aka kunna, aka sake, ya zauna ya bi abin har ya gano inda matsalar take ya gyara. Ni danna agogo kawai na iya. Ga lambobin nan, na ƙarshen har sau uku."

Ta miƙa ambulan ɗin da hannu biyu. Darakta ya duba gaba ya duba baya, ya sa aka kashe injin aka kunna a gabansa, ya karɓi agogon ya danna da kansa. Ashirin da biyu. Ya gyaɗa kai, ya ce gara sau biyu ta gaskiya da sau biyar da za ta kunyata shi a gaban baƙi, yana jiran sabon rahoto kafin ƙarfe uku da rabi. Ya yi wa Malama godiya ya fita.

Rabe ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Duk abin da ya gani a ranar, wannan ya fi ɗaure masa kai.

"Safara'u, lafiyarki kuwa? Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin kin faɗi alherina ba, ko a mafarki."

"Kar ka saba."

"A'a, gaya mini. Ga dama ta samu a gaban maigidana, kika bar ta ta wuce?"

Ta ɗauki agogonta, ta naɗe igiyarsa a hankali, ta jefa a jaka.

"Zaginka gadona ne, Rabe. Daga gidanmu na samo shi. Ba na raba shi da bare, ko da Darakta ne. In na koma Unguwar Kanawa dai, kowa sai ya ji, har jaririn da aka haifa jiya."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa bayan tsoro ya saki mutum, har ya dafa tebur. Ya jawo aljihun teburin ya fito da sabon biro mai ruwan zinariya, cikin kwalinsa, wanda aka ba shi a wani kwas a Legas yake ta ajiya bai taɓa rubutu da shi ba. Ya riƙe da hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Na bi. Yau kam kin kayar da ni, ba gardama. Karɓi, ki rage wa labarin gishiri."

Ta buɗe kwalin, ta gwada biron a tafin hannunta, ta ga yana rubutu, ta soke shi a jaka.

"Gishirin zan rage," ta ce tana gyara gyale. "Barkonon yana nan."